Fushin Kwana Tara

Dankure bai taɓa zaton zai tsufa nesa da ruwa ba. Basarke ne, ɗan masunta, a Argungu aka haife shi, a bakin kogin Matan Fada ya yi wayo, kuma ya fi shekara hamsin yana kwanciya bisa gora a cikin ruwa da homar kamun kifi a hannu biyu, har abokan sana'arsa suna yi masa ba'a cewa kifi ya san warinsa. Amma da matarsa Sadatu ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka fara ƙin ɗaukarsa, sai babban ɗansa Abdulƙudus, wanda ke aikin gwamnati a Birnin Kebbi, ya zo ya kwashe shi da 'yan komatsansa ya kai shi gidansa a unguwar Gesse.

Gidan ba shi da makusa. Ga ɗaki nasa shi kaɗai, ga fanka, ga famfo a ƙofar ɗaki, surukarsa Ɗayyaba kuma ba ta rage shi da komai ba. Sai dai da hantsi ya yi kowa ya watse, masu ofis su tafi ofis, masu makaranta su tafi makaranta, a bar tsoho da katanga da talabijin. Mutumin da ya saba gaisawa da mutum ɗari kafin azahar, sai ga shi yana yini bai buɗe baki ba in ba salla ba. Wata uku ya yi a haka, ya rame, ya zama mai saurin faɗa.

Wata la'asar da ya fito masallaci, maimakon ya koma gida sai ya miƙe hanyar unguwar Nassarawa yana dogara sanda. Bai yi nisa ba ya hango tsofaffi huɗu ko biyar a gindin wani babban dogon yaro, kusa da rumfar mai faci, sun sunkuya kan yashi. Dara suke yi. An haƙa gurabu talatin a ƙasa, ɗaya yana da tsakuwa goma sha biyu, ɗaya yana da 'yan kara goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin wasansa. Mai tsakuwar wani gajeren dattijo ne baƙi, kansa fari fat, da tabarau ɗaure da igiya a wuya. Yana ta cinye wani dogon mutum da ake kira Labbo, yana yi yana dariya.

Dankure ya tsaya yana kallo har ya kasa haƙuri. Da Labbo ya ɗaga kara zai ajiye, sai ya ji tsaki a bayansa.

"Ba nan ba. In ka aje shi nan ka ba shi gida."

Mai tabarau ya ɗago kai ya dube shi daga sama har ƙasa. "Malam, mai kallo shi ka iya kokawa. Zamna ka gwada mu gani."

Dankure ya jingine sanda ya zauna. Sau uku a jere ya cinye shi. A na ukun mai tabarau ya kwanta da baya yana dariya har da hawaye, ya ce, "Shekara goma ina biɗar wanda za ya ci ni garin ga! Ina kake ɓoye?"

Wannan shi ne Zakka. Mutumin Pankshin ne, Kirista, ya zo ƙasar Kabi tun yana saurayi a matsayin malamin gona. Ya yi shekaru yana yawo da babur tsakanin manoman shinkafa da albasa na Augie da kewaye, har Hausarsa ta rikiɗe ta koma Sakkwatanci, sai ɗan abin da ba a rasa ba na harshen gida. Da ya yi ritaya bai koma ba. Ya gina ɗan gida a Nassarawa, yana zaune da matarsa Sara. 'Ya'yansu biyu, Kenneth da Hope, sun girma suna aiki a Jos.

Daga ranar nan Dankure ya samu abin da zai tashi dominsa. Kullum bayan la'asar yana gindin dogon yaro har kiran magariba. Zakka kan zo da 'yar kujerarsa ta naɗi da kunun zaƙin da Sara ta dama, Dankure kan zo da goro, wani lokaci da bandar kifi in an aiko masa daga gida. Sauran tsofaffin suka koma 'yan kallo, don in waɗannan biyu suka kama, ba mai son ya sa hannu. Wasa ɗaya kan ɗauke su sa'a guda. Tsakanin wasa da wasa sai hira. Zakka ya ba shi labarin garinsu, inda sanyi kan sa mutum ya kasa riƙe cokali, Dankure ya ce ƙarya ce. Dankure ya ba shi labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa wanda sai da mutum huɗu suka ɗauka, Zakka ya ce bara uku ne, bana sun zama huɗu. Da kaji suka dami lambun tumatirin Zakka, Dankure ya sa aka kawo masa zare ya zauna mako biyu yana saƙa masa raga irin ta kamun kifi, aka kewaye lambun da ita. Shi kuma Zakka shi ya koya masa yadda zai gane sunan mai kira a waya, ya sa masa nasa sunan a farko.

Shekara shida suka yi a haka. Abdulƙudus ya ce wa matarsa abin da asibiti bai yi wa Baba ba, tsakuwa ta yi masa.

Abin ya faru ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke sa kwalta ta yi laushi. Kwana biyu Zakka yana cewa kansa na sara masa, kowa ya ce rana ce, shi ma ya ce rana ce. Ran Talata suna cikin wasa, mutane sun taru fiye da kullum, sai Zakka ya miƙa hannu ya ɗauki karan Dankure ya matsar da shi kamar nasa.

"Kai, Baban Hope, wanga nawa na."

Zakka ya dubi hannunsa, ya yi 'yar dariya, ya mayar. Aka ci gaba. Can ya jera uku, maimakon ya ci ɗaya sai ya kwashe biyu. Dankure ya ɗaure fuska ya karɓi ɗayan ya mayar gurbinsa. Ba a jima ba, wasa ya zo inda Dankure ke gab da cinyewa, sai Zakka ya sake kai hannu kan kara, ya ɗauke shi daga layin ya jefa a wani gurbi can gefe.

"Mi kake yi haka?"

"Ban taɓa ba," in ji Zakka. Maganar ta fito da nauyi, a ja, kamar mai kwaikwayon ɗan maye.

'Yan kallo suka fashe da dariya. Labbo ya buga cinya ya ce, "Yau kam an yi ma Basarke wayo ido na ganin ido!"

Dariyar nan ita ta ƙona Dankure. Ya ɗauka abokinsa ya ga za a cinye shi ne ya mayar da shi abin wasa a gaban jama'a, har yana lanƙwasa harshe don a ƙara dariya. Ya dafa sanda ya miƙe.

"Shekara shida ina zama da kai, ashe ɓarawon dara nika zama da shi! Da hurhurarka!"

Ya sa takalmi ya share gurabun, tsakuwa da kara suka watse. Zakka na zaune bai motsa ba, baki a buɗe, yana kallonsa ta saman tabarau.

"Dankure, mi na yi?"

Tambayar ta ƙara hasala shi. Ya juya ya tafi, bai waiwaya ba.

Washegari ya ce wa Abdulƙudus yana son ya je gida ya ga ƙanwarsa Zuhura. Aka sa shi a mota, kafin sa'a guda yana Argungu. Zuhura ta yi murna, ta gyara masa ɗaki, ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi irin wadda ya daɗe bai sha ba. A rana ta biyu wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan da ke farko, ya kife ta. A rana ta huɗu ta sake yi, ya bar ta har ta gaji.

Zuhura ta lura. Ta matsa masa har ya ba ta labari, yana yi yana huci kamar jiya abin ya faru. Da ya gama ta riƙe haɓa.

"Yaya, tsohe-tsohe da kai kake hushi bisa tsakuwa? Mutumin da ko rasuwar ɗiyata sai da yaz zo har nan gaisuwa?"

"Ba tsakuwa ba ta. Mutunci na."

"To, riƙe mutuncinka. Ni dai na san abokin tsufa ba a sayo shi kasuwa."

Dankure ya ci gaba da fushinsa. Amma kullum da yamma in ya taka zuwa bakin ruwa, sai ya ga garin ya sauya masa. Sa'o'insa yawanci sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma ba sa fitowa. Samarin da ke gyaran ragar kifi a bakin gaɓa sukan gaishe shi da ladabi su ci gaba da aikinsu, ba wanda ya san ko shi wane ne. In la'asar ta yi sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Sau biyu ya ga abin dariya ya juya zai faɗa wa Zakka, ya tarar ba kowa a gefensa. A rana ta bakwai ya sa Zuhura ta nemo masa ragon ruwa manya guda uku ta yi bandarsu da kyau, don shi ne kifin da Zakka ya fi so. Ya tsara yadda zai yi: ba zai ba da haƙuri ba, ba kuma zai tayar da maganar ba. Zai ajiye kifin a gabansa ya zauna ya ce a kasa dara. Tsakanin maza wannan ya isa.

A rana ta tara ya dawo. Ko hutawa bai yi ba, da aka sallame la'asar ya ɗauki ƙullin kifinsa ya nufi dogon yaro. Tun daga nesa ya ga ba taro. Labbo ne kaɗai zaune a kan bencin mai faci, da ya hango shi sai ya miƙe.

"Ina kas shiga? Mun aika Gesse anka ce kana Argungu."

"Ina Baban Hope?"

Labbo ya ce, "Yana asibiti. Yau kwana huɗu."

Ya ba shi labari a tsaye. Tun ranar da aka yi faɗan, kullum Zakka sai ya zo da kujerarsa, ya haƙa gurabu, ya jera tsakuwa gefe guda, kara gefe guda, ya zauna yana duban hanyar Gesse. In wani ya ce a taɓa wasa, sai ya ce a'a, mai wurin yana tafe. A rana ta biyar ya sunkuya zai haƙa gurbi sai ya kife. Da aka ɗago shi bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafa sun saki.

Dankure bai san lokacin da ya hau a-daidaita ba. A barandar ɗakin marasa lafiya ya tarar da Sara zaune a kan tabarma, ta rame, idanunta sun kumbura. Kenneth na tsaye yana magana da wata ma'aikaciya. Da Sara ta gan shi ta yunƙura ta tashi.

"Baba Dankure, ka dawo? Sannu da hanya. Yaya jikin ƙanwar taka?"

Ya tsaya yana kallonta. "Ƙanwata?"

"Ai ya ce mini an kira ka Argungu da gaggawa, Zuhura ba lafiya. Kullum in mun yi addu'ar safe sai ya sa ta a ciki."

Dankure ya zauna a bakin tabarmar, ƙullin kifin a cinyarsa. Sara ta ci gaba da magana, irin ta wanda ya daɗe yana neman mai saurare. Ta ce likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ya tambaye ta ko a kwanakin baya ta ga ya rikice, ko harshensa ya yi nauyi, ko hannunsa ya yi abin da bai sa shi ba. Ya ce sau da yawa ƙaramin yakan zo ya wuce kafin babban, kamar gargaɗi, kuma da an kawo shi a lokacin da wataƙila an tare.

"Ni ban ga komai ba," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Ciwon kai kawai yake faɗi. Shekara arba'in da ɗaya ina tare da mutum, a ce ban lura ba. Kai da kuke yini tare, ba ka ga wani abu ba?"

Zai iya cewa a'a. Labbo da sauran ba su faɗa mata ba, ba kuma za su faɗa ba.

"Na gani, Maman Kenneth."

Ya faɗa mata duka, bai rage ba: karan da aka ɗauka sau uku, harshen da ya yi nauyi, sunan da ya kira shi a gaban mutane, da kira biyu da ya ƙi ɗauka. Ya ce Zuhura lafiyarta lau, fushi ne ya kai shi Argungu. Kenneth ya matso yana ji, da aka zo wurin ɓarawo sai ya juya ya bar wurin.

Sara ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Har Dankure ya fara fatan ta zage shi.

"Da ka biyo ta gida ka kawo mini ƙararsa," ta ce a hankali. "Ko da faɗan ne. Da na san ba halinsa ba ne."

Sannan ta nuna masa ƙofa. "Gado na uku. Shiga ka gan shi."

Zakka na kwance, an cire masa tabarau, ya ƙanƙance kamar ba shi ba. Gefen fuskarsa na dama ya zube. Dankure ya ja kujera ya kama hannun hagun da hannu biyu.

"Baban Hope, ni na. Dankure. Na zalunce ka. Ciwo kake, ni ko ina zagin ka. Don girman Allah ka yahe mani."

Idanun Zakka suka juyo a hankali suka tsaya a kansa. Leɓensa ya yi ta motsi, da ƙyar kalma ta fito.

"To... to."

Dankure ya kifa goshi a kan hannun ya yi kuka irin wanda ko ranar da aka binne Sadatu bai yi ba. Ya ji kamar an sauke masa dutse. Yana cikin haka ma'aikaciyar jinya ta zo da allura, ta ce, "Baba Zakka, za mu juya ka."

"To... to," in ji Zakka, da murya iri ɗaya, da kallo iri ɗaya.

Dankure ya ɗago kai. Sara na tsaye a ƙafar gadon. "Ita kaɗai ta rage masa," ta ce. "Kowa ita yake faɗa wa. Ko ruwa yake so, ko ciwo yake ji."

"Ya gane ni kuwa?"

"Allah kaɗai ya sani. Ni ma ban san ko ya gane ni ba."

Kwana goma sha ɗaya Dankure yana zuwa asibitin nan, daga hantsi har la'asar sakaliya. Yakan yi masa fifita in an ɗauke wuta, ya goge masa baki, ya ba shi labarin Argungu da wanda ya mutu da wanda ya rage. Kullum kafin ya tafi sai ya sake roƙon gafara, kullum amsar ɗaya ce. Yakan zura wa fuskar ido yana neman wata alama, ɗan matsi a hannu ko wani haske a ido. Wata rana ya ga kamar ya samu, washegari ya ga babu. Kenneth bai yi masa magana ba sai a rana ta shida, da ya tarar da shi yana matsa wa mahaifinsa ƙafar da ta mutu. Ya tsaya, sannan ya ce, "Baba, ka ci abinci kuwa?"

Daga baya 'ya'yan suka yanke shawarar mayar da shi Jos, kusa da Hope, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Da safe aka fito da shi aka kwantar a bayan mota. Dankure ya leƙa ta taga ya yi masa sallama, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ce yana nan yana jira. Zakka na kallon rufin motar. Sara ta riƙe hannun tsohon ta ce ya kula da gwiwarsa, ta shiga, suka tafi.

Mako bakwai bayan haka, ruwan farko ya riga ya sauka, wayarsa ta yi ƙara da hantsi. Sara ce. Ta ce Baban Hope ya huta jiya da yamma, za a kai shi Pankshin ran Asabar. Dankure ya yi salati, ya yi mata gaisuwa, sannan ya yi tambayar da ya san ba ta da amfani.

"Bai ce komi ba?"

"Bai ce ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Baba Dankure, ni na yafe maka tun a asibiti. Nasa kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ban ji da kunnena ba. Amma ka san halinsa."

Da ya ajiye wayar ya shiga ɗaki ya ɗauko tabarma, ya fita ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna. Abdulƙudus ya dawo cin abincin rana ya same shi a nan, ya ji abin da ya faru. Ya ɗan yi jim, don bai taɓa ganin an yi zaman makoki a gidan da ba dangin mamaci ba, balle mamacin da za a binne a wata jiha. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar mahaifinsa, sai ya shiga ciki ya fito da tabarma ta biyu da buta.

Kafin la'asar labari ya zaga. Labbo ya zo da sauran tsofaffin, mai faci ya rufe rumfarsa ya zo, wasu mutum uku daga cocin su Zakka da suka tarar da gidan Nassarawa a kulle aka nuna musu nan. Limamin unguwa ma ya tsaya ya ce Allah ya ba shi haƙurin rashi. Duk wanda ya zo Dankure zai miƙa masa hannu ya amsa gaisuwa, sannan ya ce, "Mutumin kirki na. Ni na ɓata mishi, shi bai taɓa ɓata mani ba." Waɗanda suka san zancen su sunkuyar da kai, waɗanda ba su sani ba su ce haka rayuwa take.

Kwana uku ya yi yana zaman. A na ukun hadari ya taso daga gabas da yamma, mutane suka yi sallama suka watse da sauri. Ɗayyaba ta leƙo ta ce Baba ya shigo kada ruwa ya taɓa shi. Ya ce yana zuwa. Sai da yayyafi ya fara jiƙa masa hula sannan Abdulƙudus ya fito ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi, ya naɗe tabarmin, suka shiga gida.